Ƙarfen Liƙi da Bakinsa: Abin da Mai Gyaran Waya Zai Duba Kafin Ya Saya

(Kiɗan buɗe shiri)

 Hirar tamu ta yau ta masu gyaran waya ce, da masu gyaran rediyo da talabijin da kwamfuta, da ƙannenmu maza da mata da ke koyon haɗa na'urori a makarantun fasaha. Wanda ba mai gyara ba ma kada ya murɗa akwatin rediyonsa, domin duk mai waya a aljihu wata rana sai ya miƙa ta ga mai gyara, kuma gara ya san abin da zai duba a kan teburin mutumin kafin ya miƙa.

Ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, abu ɗaya za ka gani a kowane teburin gyara: wani ƙarfe mai kama da alƙalami, da igiyar wuta a gindinsa, ɗan hayaƙi na tashi daga bakinsa. 'Yan kasuwa na ce masa ayan. Mu a nan za mu kira shi ƙarfen liƙi. Yadda za a zaɓe shi, da yadda za a zaɓi bakin da ake sa masa, su ne zancenmu na yau.

Bari in fara da laifin kaina. Ina yaron shago, wata baiwar Allah ta kawo wayarta ba ta caji. Maigidana ya tafi sallar la'asar, ni kuma ina ɗokin in nuna na iya. Na duba ƙafafuwan wajen cajin nan, na ga ƙanana ne ƙwarai, sai na ɗauko bakin da ya fi kowane siranta, mai tsini kamar allura. Na ɗora, liƙin ya ƙi narkewa. Na ƙara wuta, na danna, na daɗe ina dannawa. Da na ɗaga hannu, sai ga ɗan jan ƙarfen da ƙafar ke zaune a kansa ya ɓamɓaro daga jikin fanel, wato allon da kayan cikin waya ke zaune a kai, ya biyo bakin. Garin gyaran gira na rasa ido. Da maigida ya dawo ya duba, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Yaro, bakin nan da ka ɗauka ba ya kai zafi inda ake nema. Ka tsaya kana dafa fanel ne kawai." Shekaru sun wuce, amma duk abin da zan faɗa muku yau fassarar wannan magana tasa ce.

To, mene ne liƙi? Ƙarfe biyu ne ake son haɗewa, ƙafar wani ɗan kaya da gurbinta a kan fanel. Ba a narka ko ɗaya daga cikinsu. Ana narka wani ƙarfe na uku mai saurin narkewa, ya kwarara tsakaninsu, ya kama su, ya daskare. Wannan na ukun shi ne wayar liƙi, wadda kowa a kasuwa ke kira led. Asalinsa haɗin kuza ne da dalma, irin kuzar nan da aka daɗe ana haƙowa a Jos. Idan ka duba jikin naɗin ka ga an rubuta 60/40, ana nufin kashi 60 kuza, kashi 40 dalma. Wannan yana fara narkewa a digiri 183, ya gama wajen digiri 190. Wanda aka rubuta 63/37 kuwa yana narkewa gaba ɗaya a digiri 183, kuma yana daskarewa nan take, shi ya sa masu ƙaramin aiki suka fi son sa.

Sai dai daga watan Yulin 2006 Tarayyar Turai ta hana sa dalma a yawancin kayan lantarkin da ake sayarwa a ƙasashenta, kamfanoni kuma suka koma led marar dalma. Wanda aka fi amfani da shi kusan duk kuza ne, da 'yar azurfa kashi 3 cikin ɗari da ɗigon jan ƙarfe, kuma ba ya narkewa sai wajen digiri 217 zuwa 220. Ku riƙe wannan da kyau. Wayar da ke aljihunka yau, liƙin da ta zo da shi daga kamfani ya fi na tsohuwar rediyon kakanninmu taurin kai da digiri talatin da wani abu. Ƙarfen da ya yi wa mai gyaran rediyo aiki shekara ashirin zai iya kunyata shi a kan wayar zamani.

Yanzu sai mu zo kan kuskuren da ya fi yawa a wajen saye. Mutum ya je kasuwa ya ce a ba shi mai wat 60, wai ya fi mai wat 30 zafi, ko ya ce a ba shi mai wat 25 domin aikinsa ƙarami ne kada ya ƙona kaya. Wat da digiri abu biyu ne daban. Ku dubi mai shayi. Ruwan tukunyarsa na tafasa, sai ya ƙara ruwan sanyi. Idan wutarsa mai ƙarfi ce, kafin ka gama yanka burodi tukunya ta koma tafasa. Idan wutar ta yi rauni, sai ka yi ta jira. Tafasar nan ita ce digiri, ƙarfin wutar da ke maido da tafasa shi ne wat. Duk lokacin da ka ɗora bakin ƙarfe a kan fanel, tamkar ka zuba ruwan sanyi ne a tukunya, domin fanel na shanye zafi. Na waya kuwa hawa-hawa ne, da shimfiɗun jan ƙarfe a cikinsa masu jan zafi kamar yadda yashi ke shan ruwa. Ƙafafuwan da ke riƙe wajen caji a kan irin wannan shimfiɗa suke zaune. Abin da kake nema shi ne ƙarfen da ke da isasshen wat, kamar 60 zuwa 75, kuma yake da abin da ke tsayar da zafinsa a daidai inda ka sa shi.

Ƙarfen liƙin da ke kasuwa kashi huɗu ne. Na farko shi ne wanda kowa ya sani, a soka a soket kawai, babu maɓallin ƙarawa ko ragewa. Zafinsa na hawa har inda ya ga dama, yakan zarce digiri 400 idan aka bar shi a ajiye. Idan wuta ta zo da rauni ya yi sanyi, idan janareta ya yi ƙarfi ya yi zafin da ya wuce kima. Don haɗa wayar lasifika ko gyaran cocila ba shi da laifi. A kan fanel ɗin waya kuwa caca ce. Haka nan mai siffar bindiga, da wanda wasu ke ɗorawa a kan gawayi idan babu wuta: a bar su ga manyan wayoyi da kwano.

Na biyu shi ne mai akwati, wanda ake murɗa masa digiri. Shahararrensa shi ne samfurin 936 na kamfanin Hakko na ƙasar Japan, wanda kamfanoni barkatai suka kwaikwaya har ya cika kasuwa. A irin wannan, bakin kamar hula yake, ana zura shi a kan wani farin sanda mai ɗumamawa. Bakunansa, waɗanda ake kira 900M, suna da araha kuma ana samun su ko'ina. Rauninsa shi ne akwai 'yar tazara tsakanin sandan da bakin, don haka idan bakin ya huce, sai an ɗan jima kafin akwatin ya farga ya ƙara wuta. Duk da haka, mai koyo zai yi shekaru yana cin abinci da shi.

Na uku shi ne wanda aka haɗa komai a cikin bakin: abin ɗumamawa da abin auna zafi duk suna can kusa da tsini. Irin su T12, da na kamfanin JBC na ƙasar Sifaniya masu lamba C245 da C210 da C115. Waɗannan cikin 'yan daƙiƙoƙi suke ɗaukar zafi, kuma da zarar fanel ya shanye sai su mayar. Yatsunka na kusa da tsinin, kamar mai riƙe da biro, hannu ba ya rawa sosai. Da yawansu idan ka mayar da su mazauninsu sai su rage zafi da kansu, bakin ya daɗe bai mutu ba. C245 na aiki ne mai ɗan girma, C210 shi ne na yawancin aikin waya, C115 kuma na aikin da sai da madubin ƙara girma. Bakinsu ya fi tsada, gaskiya ne. Amma wanda gyaran waya ne abincinsa, a nan ya kamata kuɗinsa su tafi.

Na huɗu ƙanana ne masu aiki da wutar batir, irin su TS100 da Pinecil. A ƙasar da wuta ke zuwa ta ɗauke, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne, domin mai sola da batir zai ci gaba da aiki. Sai dai a lura da abin da ake ba su. TS100 idan ka ba shi bolt 12, wajen wat 17 kawai zai ba ka. Da cajar laftof mai bolt 19 zai kai wajen wat 40. Sai ka ba shi bolt 24 zai fito da cikakken ƙarfinsa na wat 65. Mutum ya jona shi da batirin mota ya ce ƙarfen ba shi da kyau, alhali yunwa yake ji.

Abu biyu kuma za ka duba ko da wane iri ka zaɓa. Na ɗaya, rubutun da ke jikinsa. Wutar Nijeriya da Nijar da Gana bolt 220 zuwa 230 ce. Ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Kayan gwanjo masu kyau na shigowa daga can, kuma wanda aka yi don bolt 100 ko 120 idan ka soka shi a soket ɗinmu, sau ɗaya zai yi maka aiki, wato aikin hayaƙi.

Na biyu, wayar ƙasa. Ku tuna da hunturu, lokacin da mutum zai cire riga da dare ya ji tana ƙyas-ƙyas, ko ya taɓa ƙofar mota ta ja shi. Wannan wutar da ke taruwa a jiki, kafin mutum ya ji ta, ta kai bolt wajen 3,000. Wasu ƙananan ayisi kuwa, wato 'yan ƙwayoyin da ke sarrafa aikin na'ura, abin da bai kai bolt 100 ba ya isa ya lalata su, ba tare da ƙara ko hayaƙi ba. Ƙarfe marar kyau shi ma yakan yoyo da wuta ta bakinsa. Shi ya sa ƙarfen kirki ke zuwa da filogi mai ƙafa uku, kuma bakinsa a haɗe yake da ƙafa ta uku. Gwajin ba wuya: ba tare da ka soka shi a wuta ba, ɗora tsinken mitar awon wuta ɗaya a bakin, ɗaya a doguwar ƙafar filogin. Idan mita ta yi ƙara, ko ta nuna om ɗaya ko biyu, a haɗe suke. Sannan ka kira mai wayarin ya tabbatar soket ɗin shagonka na da wayar ƙasa ta gaske, domin shaguna da yawa waya biyu kawai aka ja musu.

Za mu ɗan shaƙata, idan mun dawo sai mu shiga zancen baki.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro barkanmu da dawowa. Ga wanda bai sami farkon shirin ba, muna magana ne a kan zaɓen ƙarfen liƙi don gyaran waya da ƙananan na'urori, kuma yanzu mun iso kan bakin da ake sa masa.

Hankali na gaya wa mai koyo cewa ƙaramin aiki sai siririn baki. A nan na faɗi, a nan kuma da yawa ke faɗuwa. Zafi na bin wurin da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ne. Tsinin allura ɗigo ɗaya kawai yake taɓawa, kuma ba shi da naman da zai riƙe zafi. Ku kwatanta da dutsen guga: mai nauyi ne ke kwantar da shadda, ba don ya fi zafi ba, sai don yana da jikin da ke ajiye zafi da faɗin da zai sauke shi. Idan bakin ya yi siriri da yawa, liƙi zai ƙi narkewa, kai kuma za ka ƙara digiri, ka daɗe, ka danna. Daɗewar nan da dannawar su ke kashe gam ɗin da ke riƙe jan ƙarfe a jikin fanel, su narka robar da ke kusa.

Ga ƙa'idar, kuma zan maimaita ta: ɗauki baki mafi girma da zai shiga wurin ba tare da ya taɓa maƙwabta ba. Baki mafi girma da zai shiga wurin. Faɗinsa ya yi daidai da faɗin gurbin da za ka liƙa. Sannan tsakanin baki biyu masu faɗi ɗaya, gajere mai kauri ya fi dogo siriri kai zafi.

Ana gane siffar baki da harafin da ke jikinsa. Mai harafin D bakinsa kamar na sukudireba mai faɗi yake, kuma lambar da ke gabansa faɗinsa ce a milimita. Idan ka ga 1.6D, faɗinsa milimita 1.6 ke nan. Wannan shi ne jakin aiki. Mai 1.2 ko 1.6 zai yi maka yawancin ƙananan kaya, mai 2.4 kuma wayoyi da manyan ƙafafu. Mai harafin K kamar wuƙa yake, kuma masu gyaran waya na ji da shi, domin tsininsa na shiga lungu, kaifinsa kuma na share gurabu da yawa a tafi ɗaya. Mai harafin C an yanke shi a karkace kamar kofaton doki, yana riƙe ɗigon led a fuskarsa, sai ka ja shi a hankali a kan jerin ƙafafun ayisi, kowace ƙafa ta ɗebi rabonta. Mai harafin B tsininsa kamar na fensir, mai harafin I ya fi shi siranta, mai harafin J kuma a lanƙwashe yake.

Kada a ce na hana amfani da siririn baki. Yana da ranarsa. A cikin waya akwai kayan da ake kira 0402, tsawonsu milimita 1, faɗinsu rabin milimita, ba su kai ƙwayar gero ba. Akwai 0201, akwai kuma 01005 da tsawonsu bai wuce milimita 0.4 ba, kamar ƙwayar yashi. Idan za ka taɓa irin waɗannan, ko za ka ja siririyar waya kamar gashi don haɗa layin da ya katse, to sai siriri ko lanƙwasasshe, da hantsaki mai kyau, da madubin ƙara girma. A irin wannan aiki ne ƙarfe kashi na uku ke nuna fifikonsa, domin ko siririn bakinsa na kai zafi. Mai farawa baki uku sun ishe shi: mai faɗi 1.6, da wuƙa, da siriri lanƙwasasshe guda.

Digiri nawa za a sa? Ga led mai dalma, tsakanin 300 da 350. Ga marar dalma, 340 zuwa 380. Idan komai daidai yake, daƙiƙa biyu zuwa uku sun isa liƙi ɗaya. Idan ka ƙirga biyar bai narke ba, ɗaga hannunka. Kada ka fara da murɗa digiri. Duba ko bakin ya yi ƙanƙanta, ko ya yi datti, ko wurin na buƙatar man liƙi. Wata dabara kuma: idan za ka cire kayan da kamfani ya liƙa, ɗan ƙara masa led mai dalma, su gauraya, sai ya fi saurin sakewa. Akwai ma wani led na musamman mai narkewa a digiri 138 da ake amfani da shi wajen cire kaya. Shi wannan ƙarfinsa kaɗan ne, yana karyewa, don haka a share shi tas, kada a mayar da wajen caji da shi, in ba haka ba bayan mako biyu mai waya zai dawo yana faɗa.

Lambar da akwati ke nunawa ma ba kullum take gaskiya ba, musamman a na kwaikwayo. Kafin ka biya, ka sa a kunna maka. Ka sa shi a 170 ka taɓa led 63/37, bai kamata ya narke ba. Ka ƙara zuwa 200, ya kamata ya narke a hankali. Idan ya narke tun a 150, ko ya ƙi sai 260, ka san akwatin maƙaryaci ne.

Yanzu kula da baki. Cikinsa jan ƙarfe ne, domin shi ke saurin kai zafi. Amma narkakken led na cinye jan ƙarfe, sai aka lulluɓe shi da siririyar rigar baƙin ƙarfe. Rigar nan ita ce ransa. Wanda ya ga bakin ya yi baƙi ya ɗauko magagari ko samfefa ya goge, ko ya kankare a jikin siminti, ya yage rigar ke nan. Kwana kaɗan zai ga rami ya fito a tsinin. Tsofaffin masu gyara sun saba gogewa domin bakin ƙarfensu jan ƙarfe ne zalla. Na zamani ba a yi masa haka.

Baƙin da yake yi tsatsa ce da zafi ke haifarwa, kuma tsatsa ba ta barin zafi ya wuce, ba ta barin led ya kama. Maganinta rigakafi. Ranar da ka sa sabon baki, yana fara ɗaukar zafi ka shafe tsininsa da led. Duk lokacin da za ka ajiye shi, ko za ka kashe ka tashi, ka bar masa ɗigon led ya rufe shi daga iska. Goge shi kafin ka liƙa, ba bayan ka gama ba. Soson tagulla mai ruwan zinare da ake sayarwa don wannan aiki ya fi, saboda ba ya sanyaya bakin. Kada a musanya shi da soson ƙarfe na wanke tukunya, wannan yana karce rigar. Idan soson ruwa gare ka, ka matse shi ya zama mai danshi kawai. Kuma kada ka bar ƙarfe a digiri 450 tun safe har magariba kana jiran kwastoma. Rage shi ko ka kashe.

Led ɗin kansa a zaɓi kaurin da ya dace. Don aikin waya, milimita 0.3 zuwa 0.5. Mai kaurin 0.8 ko 1 na manyan ƙafafu ne. Man liƙi kuwa, wanda ake kira fes, shi ke cinye tsatsar da ke kan ƙarfe ya bar led ya kwarara. Na lantarki daga ƙaron wata bishiya ake samo asalinsa. Akwai wani na masu aikin famfo da lagireto mai ruwan asid, wannan kada ya kusanci fanel, domin aikin zai yi kyau yau, bayan wata biyu ya cinye layukan. Da ka gama, ka wanke wurin da sifirit ɗin wanke fanel. Sannan a san iyakar ƙarfen liƙi. Ayisin da ƙafafunsa ke ƙarƙashin cikinsa ba ya ciruwa da ƙarfe komai kyansa, wannan aikin bulowa ne mai hura iska mai zafi.

Ba zan rufe ba sai na yi maganar lafiya. Mu a Arewa ba baƙin gubar dalma ba ne. A shekarar 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara sanadiyyar dalmar da ke cikin duwatsun zinaren da ake niƙawa a gidaje. Ta mai gyara ba ta kai wannan yawa ba, amma dalma taruwa take yi a jiki, kuma yara ta fi yi wa illa. Ta hannu take shiga ciki. Mai gyara ya riƙe led da yatsu, ko ma ya kama shi da haƙori, sannan ya ɓare gyaɗa ko goro ya jefa a baki. Don Allah a daina. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, kuma kada a bar yara su yi wasa da tarkacen tebur. Hayaƙin da kuke gani yana tashi na man liƙi ne, kuma yawan shaƙarsa na jawo asma. A sa 'yar fanka ta janye shi daga fuska, amma kada ta hura kan bakin ƙarfen ta sanyaya shi. A cire batirin waya kafin a kusanto da zafi. Ƙarfe ya zauna a mazauninsa. Idan ya suɓuce, bar shi ya faɗi, kada ka cafe. Idan an ƙone, a tara wurin a ruwa mai sanyi na minti goma zuwa ashirin, ban da man goge baki, ban da manja.

Ɗan'uwa mai shirin buɗe tebur, na san jari ya yi wuya. Amma ka lissafa kuɗin waya ɗaya ta kwastoma da za ka biya idan ka ƙona ta, ka kwatanta da bambancin da ke tsakanin ƙarfen soket da mai akwati. Araha ba ta ado. Ka sayi wanda ke riƙe zafinsa, mai wayar ƙasa, wanda kuma ake samun bakunansa a kasuwar garinku. Ka nemi matattun fanel a wajen iyayen gidanka, ka cire ka mayar har hannunka ya faɗa, kafin ka taɓa wayar mutane. Ku kuma iyayen gida, ku zaunar da yaranku ku nuna musu wane baki ne na wane aiki, kada ku bari sai sun yi ɓarna irin tawa. Wayar da aka miƙo muku amana ce, a cikinta akwai hotunan iyali da lambobin ciniki da asusun bankin mai ita.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya sa wa sana'a albarka, Ya kare mu daga asara. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)